Wai jami'o'inmu na yin bincike kuwa, ko digiri kawai ake rabawa?

Ɗan Mai'adua:
Salamu alaikum jama'a. Ni fa yau sai na faɗi abin da ke raina ko da wasu za su ji haushi. Duk shekara in aka fitar da jerin manyan jami'o'in duniya ka duba ɗari biyun farko ba za ka ga tamu ko ɗaya ba, ta Cape Town ce ke jan Afirka, mu kuwa sai cika baki wai ABU, Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, babbar jami'a ce. To babba a me? A faɗin fili da yawan ɗalibai? Maganar gaskiya jami'o'in ƙasar nan ba sa wani bincike, digiri kawai ake rabawa, lakcara ya rubuta takarda don a ƙara mashi girma ya zama farfesa, takardar ta je ta kwanta a laburare ƙura ta rufe ta. A nuna mani abu ɗaya tak da ya fito daga jami'a ya shigo gidan talaka a Daura ko Baure ko Sandamu.

Injiniya:
Wa alaikumus salam. Ƙanina ka yi zafi amma akwai ƙamshin gaskiya a maganarka. 2022 kaɗai ASUU ta yi wata takwas tana yajin aiki, daga Fabrairu har Oktoba, kafin nan 2020 an yi kusan wata tara. Wane bincike ne zai rayu a haka, mutum ya shuka gwaji a ɗakin bincike a rufe makaranta a bar shi?

Malamin Gona:
Ɗan Mai'adua, yaro, ka ce a nuna maka abu ɗaya, to zauna in nuna maka, don ni aikin gona na yi har na yi ritaya kuma da hannuna na raba wa manoma irin da zan faɗa maka. Duk irin da ka ji sunansa ya fara da SAM, wato SAMMAZ na masara, SAMSORG na dawa, SAMNUT na gyaɗa, SAMPEA na wake, SAMCOT na auduga, to SAM ɗin nan Samaru ce ta Zariya, cibiyar binciken noma ta IAR da ke ƙarƙashin ABU. Tashar ma ta girmi jami'ar, tun 1922 take, ita kuwa ABU sai 1962 aka buɗe ta. Ka tambayi dattawan gidanku abin da ya faru da gyaɗa a 1975, shekarar da kuturtar gyaɗa ta shigo ta cinye gonaki a arewa kaf, darɓa ce ke yaɗa cutar, mutane da yawa daga shekarar nan suka bar noman gyaɗa suka koma gero da wake. Irin da ke jure wa cutar nan ba daga sama ya faɗo ba, mutanen Samaru ne da abokan aikinsu na ICRISAT, cibiyar duniya mai binciken amfanin gonar wuraren da ruwa ke ƙaranci, suka yi shekaru suna haɗa iri da iri har aka samu irinsu SAMNUT 24 da aka fitar a 2011, mai nuna da wuri, wanda ya dace da irin damina tamu ta nan da ruwa ke saurin ɗaukewa. Matan da ke yin ƙuli-ƙuli da man gyaɗa ba su san sunan farfesan ba amma aikinsa na cikin turminsu.

Sannan akwai Shika, cibiyar NAPRI ta dabbobi, ita ma ta ABU ce, su suka fitar da kazar ƙwai Shika Brown. Ka ce ɗaya na ba ka fiye da haka.

Ɗan Mai'adua:
Baba Allah ya ƙara girma, ban musa maka ba, amma duk wannan ai tsohon zance ne, aikin mutanen da ne lokacin da jami'a take jami'a. Ni na yanzu nake tambaya.

Dakta:
Na yanzu kake so? SAMPEA 20-T. Waken da tsutsar maruka ba ta iya ci. An fara gwada shi a keɓaɓɓen fili a Samaru a 2009, hukumar NBMA mai kula da irin da aka sauya wa ƙwayoyin halitta ta amince da shi a farkon 2019, ƙarshen shekarar aka yi mashi rajista a matsayin iri, 2021 aka ƙaddamar da sayar da shi ga manoma a Kano. Farfesa Mohammad Ishiyaku ne ya jagoranci aikin. Najeriya ce ƙasa ta farko a duniya da ta fitar da irin wannan waken, kuma mu ne muka fi kowa noman wake a duniya, to in wannan ba bincike ba ne ban san me ake kira bincike ba. Duk wanda ya taɓa noman wake ya san maruka, tana shiga fure ta shiga kwanso ta cinye daga ciki, in ta yi yawa tana iya kwashe har kashi 80 cikin 100 na abin da za ka samu, shi ya sa manomi ke feshi sau shida, bakwai, har takwas a damina guda. Da wannan irin feshi biyu ya isa.

Bayan shi a 2024 an fitar da masarar TELA, SAMMAZ 72T zuwa 75T, ita ma daga Samaru, don tsutsar da ke huda kara da tsutsar nan mai cin ganyen masara da ta addabe mu tun 2016.

Kawu Na Zango:
A'a Dakta tsaya. Wannan da kake yabo ai shi ne GMO ɗin da ake ta faɗa, irin da aka sauya wa halitta a ɗakin bincike. Ni ban shuka shi kuma ban bari ɗiyana su shuka. Mun gaji kananado wajen iyayenmu, mu ɗebi iri mu aje a rumbu baɗi mu shuka, ba mu roƙi kowa ba. Yanzu an zo mana da irin da Bature ya sa ma hannu, gobe sai ka je ka saya wajen kamfani ko ka kwana da yunwa, an ce ma in ka shuka shi bana baɗi ba shi tsirowa kuma ƙasa na mutuwa. In wannan shi ne binciken jami'a to Allah ya raba mu da shi.

Umman Ikram:
Wallahi Kawu ka riga ni. Ni abin da ya dame ni cikin yara ne, mu ne ke dafa waken nan, ƙosai da alale da shinkafa da wake kusan kullum a gidana. Abin da ya kashe tsutsa in ta ci, ya za a ce mani ba ya yi wa mutum komai? Dakta don Allah a yi mana bayani da Hausa yadda za mu gane, ba na turancin aji ba.

Dakta:
Hajiya tambayarki ita ce tambaya, kuma haƙƙinki ne ki yi ta. Akwai wata ƙwayar halitta a cikin ƙasa, ko ƙasar gonar Kawu aka ɗebo ana iya samunta, sunanta Bacillus thuringiensis, a taƙaice Bt. Tana yin wani sinadarin furotin da in tsutsar malam-buɗe-littafi da danginta suka ci yake narkewa a hanjinsu, ya manne a wasu wurare na musamman a bangon hanjin ya huda shi, tsutsar ta daina ci ta mutu. Kafin ya yi aiki sai hanjin ya zama marar tsami kuma sai akwai waɗannan wuraren da zai manne. Cikin ɗan Adam da na akuya da na kaza tsami gare shi, kuma babu wurin mannewar, don haka narkar da shi ake yi kamar sauran furotin na abinci. Shekaru da yawa kafin a san wani GMO manoma a Turai da Amurka na fesa Bt ɗin nan a kan kayan lambu, har masu noman da ba sa yarda da maganin kemikal suna amfani da shi. Abin da aka yi a waken shi ne an ɗauki umarnin yin furotin ɗin aka sa a cikin irin, sai waken ya riƙa yin kayansa da kansa.

Kuma ba haka kawai aka tashi aka yi ba. Cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan na da tarin irin wake sama da 15,000 a ajiye, an bincika an rasa wanda ke da ƙarfin jure wa maruka da za a haɗa ta hanyar da aka saba, shi ya sa aka bi wannan hanya.

Kawu, ranka ya daɗe, maganar ba ya tsirowa baɗi ba haka take ba. Wake da kansa yake yi wa kansa barbara a cikin furensa, SAMPEA 20-T kuma ba haibirid ba ne, wato irin da ake samu daga auren iri biyu daban, in ka aje ka shuka zai fito. Asalinsa ma SAMPEA 10 ne da mutane suka daɗe suna shukawa, mai jure wa wuta-wuta, shi aka ƙara wa wannan kariya. Masarar TELA ce haibirid, ita kam in ka sake shuka 'ya'yanta amfanin zai ragu, amma haka duk wata masara haibirid take, wadda mutanen Funtua da Bakori da Dandume suke saye duk shekara tun kafin a zo da wannan.

Kawu Na Zango:
To naji ta wake. Amma ka hwaɗa da bakinka masarar sai an saya duk shekara. Kuma wa ya ba su abin da suka sa a ciki? Mutanen Zariya suka ƙirƙiro shi?

Dakta:
A'a Kawu, ba zan ɓoye maka ba. Ƙwayar umarnin daga kamfanin Monsanto ta fito, wanda yanzu Bayer ta saye, an ba da ita ta hannun gidauniyar AATF da ke Nairobi ba tare da biyan kuɗin mallaka ba, kuma a Ostireliya, a cibiyar CSIRO, aka fara sa ta a cikin wake. Kuɗin aikin kuma mafi yawa daga USAID, hukumar ba da tallafi ta gwamnatin Amurka, ya zo. Mutanen Samaru su suka haɗa shi da irin da ya dace da ƙasarmu, suka gwada shekara da shekaru, suka tabbatar, suka fitar.

Ɗan Mai'adua:
Yauwa! Allah ya saka Kawu, ka ciro mani maganata. Kun gani ko? Fasahar ta Amurka, aikin ɗakin bincike na Ostireliya, kuɗi na Amurka, mu namu shuka da ban ruwa. Shi ne nake cewa ba ma bincike, 'yan kwangila ne mu.

Malamin Gona:
Kai yaro kar ka raina abin da ba ka taɓa yi ba. Ka san me ake nufi da a ɗauki hali ɗaya a sa a cikin irin gida ba tare da an ɓata sauran halayensa ba? Sai ka haɗa, ka shuka, ka zaɓa, ka sake haɗawa da uwar, ka sake shukawa, damina bayan damina, kana ƙirga tsutsa a fure ɗaya-ɗaya cikin rana, kana auna amfanin kowane layi, ka kai shi wurare daban-daban ka ga ko halin zai tsaya. Wanda Bature ya yi a ɗakinsa in ka kawo shi Zango ka shuka ba abin da zai ba ka, ba irin ƙasarmu ba ne. Kuma yau a duniya wa ke bincike shi kaɗai? Buhun PICS da kuke zuba wake a ciki, mai leda biyu a ciki da buhu a waje, ai daga jami'ar Purdue ta Amurka ya fito, amma a arewacin Kamaru aka faro gwajin tare da masu binciken can, yanzu kuma a Kano ake yin shi. Ka ji wani ya ce Purdue 'yar kwangila ce don ta yi aiki da mutanen Kamaru?

Abin da zan yarda da kai a kai shi ne kuɗin. Abin kunya ne ƙasar da ta fi kowa cin wake ta jira wata ƙasa ta biya mata kuɗin binciken wake. Ga shi a 2025 gwamnatin Amurka ta rushe USAID ɗin, to duk aikin da ya dogara da su ya zai ƙare? Wannan laifin masu riƙe da baitulmali ne, ba na wanda ke tsaye a gona da littafi a hannu ba.

Umman Ikram:
Na gode Dakta na ɗan samu natsuwa, ko da yake zuciyata ba ta gama kwanciya ba, tunda har majalisar wakilai a 2024 ta ce a binciki maganar GMO ɗin nan, kuma akwai ƙungiyoyi irinsu HOMEF da ke ta cewa a dakata, su ma ai masu ilimi ne ba jahilai ba. Ni abin da nake so ko a kasuwa a rubuta, wannan kaza ne wannan kaza ne, in zaɓa da kaina. Yanzu in na aiki yaro ya auno kwano biyu ban san me ya kawo mani ba.

Amma fa in don tsoron guba ne, wallahi wanda na fi tsoro shi ne wanda 'yan kasuwa ke zuba wa fiya-fiya don kar ya yi ƙwari. Wannan kam da hancina nake jin warinsa.

Dakta:
Hajiya nan kin taɓo inda ciwon yake. Saboda ragowar wannan maganin Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wakenmu a 2015. Sai dai a yi adalci, SAMPEA 20-T ba ya maganin wannan, shi na gona ne, ƙwaron da ke huda wake a buhu daban yake, nan buhun PICS ne magani, a matse iska a ɗaure tam ƙwaron ya rasa numfashi. Kuma ko a gonar ba ya hana darɓa da ƙananan ƙwarin da ke zubar da fure da masu tsotsar kwanso, shi ya sa aka ce feshi biyu, ba a ce babu feshi ba. Wasu dillalai na gaya wa manoma wai ba a feshi sam, mutum ya shuka ya naɗe hannu ya yi asara sannan ya ce irin ƙarya ne. Maganar lakabi kuwa ina tare da ke ɗari bisa ɗari, wanda ba ya so bai kamata a ɗura mashi ba, amma yadda muke auna wake a kwano daga buhunan da aka gauraya a Dawanau ban ga yadda za a yi shi cikin sauƙi ba.

Ni damuwata ta daban ce, ta masu bincike. Kariya ɗaya ce a cikin waken nan, furotin ɗin Bt da ake kira Cry1Ab, kuma ƙwaro in ka daɗe kana buga shi da abu ɗaya wata rana za a samu waɗanda suka saba, an ga haka da tsutsar auduga a Indiya. Ana aikin ƙara ta biyu, amma wannan na buƙatar a riƙa bibiyar gonaki duk shekara, kuma bibiya kuɗi ce da mota da mai.

Ɗalibar Samaru:
Salamu alaikum iyayena da yayyena, ku yi haƙuri in sa baki, ina aji uku a nan Samaru. Yaya Ɗan Mai'adua wallahi maganarka ta yi mani ciwo don da ka zo ka ga Kashim Ibrahim Laburare lokacin jarabawa, ko ka ga 'yan ɗakunan kwana na Amina da Ribadu suna fitowa karatun dare da fitilar waya da darduma, ba za ka ce digiri ake rabawa ba, wahalarsa muke sha. Kuma ba noma kaɗai ba ne. Mutane da yawa ba su san akwai tukunyar nukiliya ta bincike a Zariya ba, a cibiyar CERT, tun 2004 take aiki, ƙarama ce mai kilowat 34, ba ta wutar lantarki ba ce, da ita ake gano sinadaran da ke cikin ƙasa da ma'adinai da abinci, a 2018 ma aka canza mata makamashi zuwa wanda ba a iya yin makami da shi aka mayar da tsohon makamashin ƙasar Chana. Ga marigayi Farfesa Andrew Nok da ya yi suna a duniya kan cutar sammore da ƙudan tsando ke sa wa shanu, har ya ci kyautar kimiyya ta kamfanin iskar gas na NLNG. Mu kanmu 'yan jihar Katsina, tarihin Katsina da muke taƙama da shi wa ya zauna ya tono shi daga bakin dattawa da tsofaffin takardun Larabci? Dakta Yusufu Bala Usman ne, ɗan Musawa, a ABU ya yi digirinsa na uku a kan haka kuma a nan ya koyar har ya rasu a 2005.

Ɗan Mai'adua:
Ƙanwata Allah ya ba da sa'a, ban ce ba kwa karatu ba, ku ake zalunta ma. Ni a jami'ar da na yi, ba zan kira suna ba, mun gama kwas ɗin kimiyya guda ba mu taɓa na'urar da ake koya mana ba, a allo aka zana mana ita, ranar firatikal a tara mu cunkus a kan abu ɗaya na gaba su gani na baya su kwafa. Furojet ɗina na ƙarshe da kuɗin mahaifina na sayi kayan gwaji, na gama aka ɗaure shi da baƙin bango aka jefa a sito. Kin lissafo mutum biyu uku da cibiya biyu uku, jami'o'i nawa ne a ƙasar nan? Sun haura 250. In aka cire Samaru da Shika da Ibadan da 'yan kaɗan, sauran fa? Nan jiharmu ga ta Umaru Musa, ga ta Dutsin-Ma, ga Al-Qalam, ga ta sufuri an kawo mana Daura, ina so in ga ranar da matsalar zaizayar ƙasa da hamada da ke cin Baure da Zango da Mai'adua za ta samu magani daga ɗayansu.

Injiniya:
Waɗannan ai yara ne, ta Umaru Musa 2006, ta Dutsin-Ma 2011, ta sufuri ko yaye ɗalibai ba ta daɗe da fara tunani ba. Samaru ta shekara ɗari tana abu ɗaya. Ni fatana ga ta Daura shi ne tunda layin dogon Kano zuwa Maraɗi ta nan zai bi, ya ratsa Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya, yaranmu su zama su ne masu kula da shi ba sai an ɗauko wani daga waje ya ɗaure kusa ba. Amma wuta fa? Tun da aka ƙara kuɗin wutar lantarki na rukunin Band A a Afrilun 2024 manyan jami'o'i ke kuka da bil, firizar da ke ajiye samfur in ta mutu kwana biyu aikin shekara ya tafi.

Dakta:
Ɗan Mai'adua akwai inda ka yi daidai kuma ni da nake cikin aikin na fi ka jin zafinsa. Tsarin ƙarin girma takardu yake ƙirgawa, ba ya tambaya ko takardar ta amfani wani, don haka mutum zai fasa bincike ɗaya gida uku ya buga a mujallar da ba mai karantawa don ya cika adadi. Akwai asusun bincike na TETFund, ana samu, amma masu nema sun ninka abin da ake bayarwa, kuma na san abokan aikina masu ƙwazo da suka tattara suka tafi Saudiyya da Malesiya da Ingila don albashin nan ba ya kai wata. Duk wannan gaskiya ne. Inda na rabu da kai shi ne kalmar babu. In ka ce babu, ka share mutanen da suka tsaya suka yi aiki cikin wannan hali, kuma ka ba mai rabon kasafi hujja ya ce to me za a ba su kuɗi su yi.

Kawu Na Zango:
Ni dai har yanzu ban ga wanda ya zo gonata ya nuna mani komi ba. Da can malamin gona na zuwa bisa babur, ya yanki wani ɓangare ya ce Kawu shuka wannan nan, shuka naka nan, kaka mu gani. Yanzu shekara nawa ban ga ko ɗaya ba. Kuma ku masu bincike ku sani mu ba ƙwaya kaɗai muke so ba, harawa muke so, ita ke riƙe mana tumaki da rani har a kai Sallah, kananado na yaɗo ya ba ka harawa mai yawa ga ƙwaya manya farare da 'yan kasuwa ke so. Waɗannan masu nuna da wuri tsaye suke, ƙwayar ba ta kai ba, harawar ba ta kai ba. Wa ya tambaye mu kafin a yi?

Malamin Gona:
Alhaji wannan magana taka ta fi duk abin da muka faɗa tun safe nauyi, kuma ita ce amsar tambayar yaron nan. Binciken na nan, hanyar da zai bi ya iso gare ka ce ta yanke. Lokacin da Bankin Duniya ke tallafa wa shirye-shiryen raya karkara, KTARDA, hukumar raya noma da karkara ta jihar Katsina, na da ma'aikata da babura da gonakin gwaji a ƙauyuka, duk sati biyu ana tara mu a koya mana sabon abu mu kai wa manoma, mu kuma mu kwaso kukansu mu mayar, irin wannan kukan naka na harawa ta nan yake isa kunnen mai bincike. Tallafin ya ƙare, muka yi ta ritaya ba a ɗauki wasu ba. A ABU akwai NAERLS da aikinta kenan haɗa bincike da manomi, amma daga Zariya ba za su iya zuwa kowace gona ba, sai da ma'aikatan jiha a ƙasa. Ga kuma rashin tsaro, wa zai tura ma'aikaci Batsari ko Safana ko Faskari ya kafa gonar gwaji alhali mai gonar ma bai iya zuwa?

Kuma kar ka ce ba a san zancen harawa ba, akwai irin da aka fitar masu ba da ƙwaya da harawa duka, ba su iso gare ka ba ne. Mai nuna da wuri shi ma da ranarsa, shekarar da ruwa ya ɗauke farkon Satumba shi zai fid da kai, kananado na nan bai ko yi fure ba. Ni ban ce ka bar naka ba, kar ma ka bari, irin gado in ya ɓace ba a sayo shi. Ka yanki kwata ka gwada kawai.

Umman Ikram:
To Baba a ina ake samun na gaskiyan? Don maigidana ya taɓa sayen wani iri a kasuwa an ce ingantacce ne, ashe hatsi ne kawai aka shafa wa jan kala aka ƙulla a leda.

Malamin Gona:
Wannan ya yi yawa 'yata, kuma shi ke ɓata wa masu bincike suna. Kar a sayi na awo a faranti. A nemi wanda ke cikin jakar kamfani a rufe, da sunan irin a rubuce, da tambarin hukumar iri ta ƙasa NASC, akwai wata lamba a jiki da ake kankarewa a tura ta waya a tabbatar. Kuma a saya tun watan Mayu, in aka bari sai ruwa ya zauna na kirki ya ƙare sai jabu.

Ɗan Mai'adua:
Na ji duka kuma na ƙaru da zancen waken, amma ni fa ina nan kan bakana da gyara kaɗan. Binciken da Kawu bai gani a gonarsa ba, Hajiya ba ta san inda za ta saya ba, ni a wurina bai gama zama bincike ba, kuma jami'a ba za ta wanke hannunta ta ce laifin gwamnatin jiha ne ba. Me ya hana duk ɗalibin aikin gona kafin a ba shi digiri a tura shi ƙauyensu damina guda ya kafa gonar gwaji, a ba shi maki a kan haka maimakon furojet ɗin da za a jefa a sito?

Ɗalibar Samaru:
Yaya ai 'yan aikin gona shekara biyar suke yi kuma akwai shekara guda ta aikin gona zalla, sai dai mafi yawa a gonar makaranta ake yin ta. In da za a ba su iri da kuɗin mota a ce kowa ya koma ƙaramar hukumarsa, na san da yawa za su so haka.

Kawu Na Zango:
In ɗiyanmu ne za su zo su tsaya a yi tare, a ba ni mai harawar in gwada a gefen gonata ta bakin hanya inda kowa zai gani. Amma mai T ɗin nan ku bar ni tukuna, sai na ga wanda ya shuka shi shekara uku a jere a gona ɗaya na je na duba ƙasar da idona.